Tsohon fim ɗin Aljeriya da ya tayar da ƙura: amsar wasiƙunku

A fitowar da ta gabata na ambaci wani tsohon fim cikin layi biyu kacal, ina ba da misalin yadda ake yin fim ɗin siyasa mai harbe-harbe ba tare da an narkar da dukiya ba. Sunansa The Battle of Algiers, wato yaƙin birnin Aljiyas, na shekarar 1966, wanda wani Ba'italiye mai suna Gillo Pontecorvo ya ba da umarni. Ashe kun neme shi, kun kalla a wayoyinku, kuma saƙonnin da suka shigo sun fi na kowane wata yawa. Wasu godiya, wasu faɗa. Na zaɓi shida.

Ga wanda bai gani ba, labarin ya shafi shekarun 1954 zuwa 1957, lokacin da ƙungiyar FLN mai neman 'yancin Aljeriya ta kafa sansani a Kasba, tsohuwar unguwar Musulmi a Aljiyas, Faransa kuma ta turo sojojin laima su murƙushe ta.

Malam, ka ce mana fim ne. Ni na daɗe ina aikin jarida kafin in yi ritaya, kuma na san hoton labarai idan na gan shi. Wannan tsofaffin hotunan yaƙi ne aka harhaɗa aka ɗora musu kiɗa. Ko ba haka ba? (Wani dattijo daga Kaduna)

Baba, Allah ya ƙara girma. Idonka bai yi maka ƙarya ba, an shirya hoton ne domin ya zama haka. Amma babu ko daƙiƙa ɗaya ta hoton labarai a ciki. Da aka kai fim ɗin Amurka sai da aka rubuta sanarwa a farkonsa cewa duk abin da za a gani shiryawa aka yi, saboda mutane da yawa sun faɗi irin abin da ka faɗa.

Ga yadda suka yi. An ɗauki fim ɗin a 1965, shekara 3 kacal bayan samun 'yanci, a cikin Kasba ɗin kanta, a kan matakalun da aka yi gudun a kansu, tsakanin mutanen da abin ya faru a idonsu. Mai ɗaukar hoton, Marcello Gatti, ya saɓa kyamara a kafaɗa yana bin jama'a cikin lungu, hoton yana rawa kamar na wanda shi ma yake gudun ransa. Wani lokaci yakan tsaya daga nesa ya jawo fuskoki da dogon gilashi, kamar ɗan jaridar da ya kasa matsowa. Sannan suka riƙa sake kwafar hoton daga kwafi har ya yi garas-garas, baƙin ya ƙara baƙi, farin ya ƙone. Ni da na yi shekaru ina tace hoto a Kano, aikinmu kullum shi ne goge irin wannan dattin. Su kuwa da gangan suka nemo shi, don sun san idon mutanen wancan zamani ya saba ganin yaƙi a irin wannan hoton, a labaran da ake nunawa a silima kafin a fara fim.

Sai kuma fuskoki. A cikin manyan 'yan wasan mutum ɗaya ne ƙwararre, Bafaranshe Jean Martin, wanda ya fito a kanar ɗin sojojin laiman Faransa. Wanda ya fito a Ali, matashin mayaƙin FLN da labarin yake bi, wato Ibrahim Hajjaj, talaka ne da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, fuskarsa kawai daraktan ya gani ya ɗauke shi. Shi kuwa wanda ya fito a shugaban mayaƙan Kasba, Yasif Sa'adi, shi ne ainihin shugaban nasu a lokacin yaƙin. An kama shi a Satumbar 1957, aka yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta daga baya, kuma a kan abin da ya rubuta a kurkuku aka fara gina labarin. Mutum ne yake sake taka abin da ya taka da ƙafarsa shekara 8 da suka wuce.

Ana ba da labarin cewa ranar 19 ga Yuni 1965, da Hawari Bumadyan ya kifar da gwamnatin shugaban Aljeriya Ahmad Bin Bella, wasu mazauna Aljiyas da suka ga tankoki a titi sun ɗauka na masu fim ne. Ka ga, Baba, ruɗin ya fara tun kafin a gama aikin.

Wallahi na yi nadamar kallon fim ɗin nan. Wurin da matan nan uku suka ajiye bam a wurin shan shayi, aka nuna wani ɗan ƙaramin yaro yana lasar askirim, na kashe wayar, na kasa barci. Mu da muka ga abin da bam ya yi a ƙasar nan, ta yaya za ka yabi fim ɗin da yake nuna masu dasa shi a matsayin 'yan kishin ƙasa? (Wata malamar makaranta daga Zariya)

Malama, wasiƙarki ce ta fi daɗewa a hannuna, kuma ina ba ki haƙuri da ban yi gargaɗi ba. Ina cikin Kano ranar Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014 da aka tayar da bama-bamai a babban masallaci, mutum fiye da 100 suka rasu. Har yau idan taya ta fashe a titi sai gabana ya faɗi. Don haka ba zan ce miki ai fim ne kawai ba. Kisan wanda bai ji ba bai gani ba haramun ne, ko wane ne ya yi shi, ko da wace tuta. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa sananniya ce: kada a kashe yaro, kada a kashe mace, kada a kashe tsoho.

Amma ina so ki duba abin da ya hana ki barcin. Mu koma wurin a hankali. Matan suna gaban madubi, sun cire lulluɓi, ɗaya tana datse gashinta da almakashi, tana rina shi, suna shafa jan baki, suna saka tufafin Turawa. Babu mai cewa uffan, sai kiɗan ganga mai sauri kamar bugun zuciya. Suka ɗauki kwanduna, suka wuce shingen sojoji, har wani soja yana yi wa ɗaya murmushi. Ɗayarsu ta shiga wurin shan shayin, ta zauna, ta tura kwandon ƙarƙashin kujera da ƙafa. A nan ne daraktan ya yi abin da yawancin masu fim ba sa yi. Ya sa ta ɗaga kai ta dubi mutanen, mu ma ya sa muka dube su ɗaya bayan ɗaya. Wani yana dariya.  Yaron nan da askirim ɗinsa. Ta san abin da ke cikin kwandon, mu ma mun sani, su ne kawai ba su sani ba, agogo kuma yana tafiya.

Mai son ya ɗaukaka masu bam ba zai nuna miki yaron ba. Zai nuna wuta daga nesa, ya ɗora kiɗan nasara, ki tafa. Kin ga irin wannan a finafinan harbi ba adadi, gini ya tashi, mutum hamsin sun faɗi, ba wanda ya tambayi ko 'ya'yan wane ne, kuma kin yi barcinki lafiya. Wannan kuwa ya hana ki, domin ya sa kin san fuskar wanda zai mutu kafin ya mutu.

Akwai wani abu da watakila ba ki kai gare shi ba, ko tashin hankali ya sa ba ki lura ba. Kafin wannan wurin an nuna wani jami'in 'yan sandan Faransa ya tashi daga liyafa da dare, ya shiga Kasba da abokansa, suka ajiye bam a ƙofar wani gida. Gidaje suka rufta a kan mutanen da ke barci. Da gari ya waye ana zaro gawarwakin yara daga ɓaraguzai, sai wani kiɗa mai sanyi na makoki ya taso. To, kiɗan nan ɗaya, ba a canza ko ɗigo ba, shi aka sake sakawa lokacin da ake zaro gawarwakin Turawa daga wurin shan shayin. Ennio Morricone da daraktan ne suka tsara shi. Zuciyar fim ɗin tana tare da 'yancin Aljeriya, ba ya ɓoye wannan, amma da aka zo makoki bai tambayi gawa ƙabilarta ba.

Dukkan abubuwan biyu sun faru da gaske. Bam ɗin Kasba ya tashi ranar 10 ga Agusta 1956, na wuraren shaƙatawar kuma ranar 30 ga Satumba. Wurare uku matan suka kai bam, wuraren shaƙatawa biyu da ofishin jirgin sama. A fim duka ukun sun tashi, a zahiri na ofishin jirgin sama bai tashi ba. Wata yarinya 'yar shekara 5 ta rasa ƙafarta a ranar, kakarta ta mutu. Ta girma, kuma a 2012 ta wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Zuhra Darif, matar da ta ajiye bam ɗin, wadda a lokacin ta zama 'yar majalisar dattawa a Aljeriya. Ciwon bai warke ba a can ma.

Shawarata, kada ki tilasta wa kanki ƙarasa shi. Kuma duk wanda ya rasa wani nasa a irin wannan masifa, ko yake da yara a ɗaki, ya bar shi. Akwai wuraren azabtarwa a gaba da suka fi wannan nauyi.

Ni dai fim ɗin bai burge ni ba. Babu jarumi na gaske, babu bos, babu faɗan ƙarshe. Shi Alin ma da muke bi an tarwatsa shi a cikin bango. Wane irin fim ne jarumi zai mutu mugu ya tafi yana hira? (Wani saurayi daga Fagge, Kano)

Ƙanena, a unguwarku na koyi kallo, a Plaza da Wapa, inda idan jarumi ya tashi bayan an yi masa dukan kawo wuƙa silima gaba ɗaya take ɗaukar ihu. Na san daɗin da kake nema, kuma daɗi ne na gaske. Wannan fim ɗin wani abu daban yake bayarwa.

Dubi Ali da kyau. Ɗan cacar bakin titi ne, mai zuciya a kusa, bai iya karatu ba, har sai da wani ɗan yaro ya karanta masa takardar da aka aiko masa. A kurkuku ya leƙa ta taga ya ga ana jan wani fursuna zuwa na'urar fille kai yana kabbara, daga nan ya canza. Aikin farko da aka ba shi, bindigar babu harsashi, gwada shi ake yi. Irin yaran da kake wucewa kullum a bakin kasuwa ne, kuma abin da fim ɗin yake so ka gani ke nan.

Kanar ɗin kuma ya fi duk wani bos mai tabo a fuska ban tsoro, domin ba ya ihu. Mutum ne mai natsuwa, mai ilimi, yana tsaye gaban allo da alli yana zana wa sojojinsa yadda ƙungiyar take: kowa ya san mutum uku kawai, wanda ya ɗauke shi da biyun da shi ya ɗauka. Don haka sai an matse mutum ya faɗi suna kafin a hau mataki na gaba. Da 'yan jarida suka tsare shi a kan azabtarwa, sai ya mayar musu da tambaya, ko suna so Faransa ta ci gaba da zama a Aljeriya, in suna so to su karɓi abin da zaman yake ci. Abin mamaki, Jean Martin da ya yi wannan rawar yana cikin mutum 121 da suka sa hannu a takardar adawa da yaƙin a 1960, har ya rasa aiki saboda haka.

Ka tuna yadda aka buɗe fim ɗin? Wani siririn mutum yana zaune yana karkarwa, an gama azabtar da shi ya faɗi maɓoyar Ali, sojojin suna miƙa masa gahawa, suna saka masa kakinsu. Hawaye ɗaya ya gangaro masa. Ni a wurina wannan ya fi faɗan ƙarshe goma.

Mutuwar Ali tarihi ce. Ranar 8 ga Oktoba 1957 sojoji suka tarwatsa gidan da yake ɓoye tare da Hasiba Bin Bu'ali 'yar shekara 19, da wani saurayi Mahmud, da ƙaramin yaron nan Umar, har da maƙwabta. Amma fim ɗin bai tsaya nan ba, ya tsallaka zuwa Disambar 1960, lokacin da jama'a suka ɓarko titi ba tare da wani ya kira su ba. Na taɓa nuna shi a kwamfuta a majalisarmu ta ƙofar gida bayan isha'i. Da aka zo wurin da guɗar mata take tasowa daga Kasba cikin dare, unguwa guda, wani dattijo da bai ce komai ba tun farko ya gyara zama ya ce, mu a wurin biki muke jin wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, waɗannan ba za a iya da su ba. A Yulin 1962 Aljeriya ta sami 'yanci.

Akwai fassararsa da Hausa? Faransancin ina ji, Larabcin ne yake wuce ni. (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Ɗan'uwa, Larabcin nasu na gargajiyar Aljeriya ne, ko wanda ya yi karatun littattafai a zaure sai ya tsinci kaɗan. Nemi kwafin da aka rubuta fassarar Faransanci a ƙasan hoto. In masu fassara finafinai za su taɓa shi, roƙona kada su cika shirun da surutu kamar yadda ake yi wa na Indiya, domin rabin maganar fim ɗin a shirun take. Kuma labarin bai yi nisa da ku ba: wasu daga cikin mayaƙan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary da suka shigo Nijar a 1964 a Aljeriya suka sami horo.

Su Faransawa da suka kalla me suka ce? (Wata 'yar kasuwa daga Kumasi)

Hajiya, da farko ƙin kallo suka yi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 1966, tawagar Faransa ta nuna fushinta a fili, kuma sai a 1971 aka fara nuna shi a silimun ƙasar, bayan barazana daga tsofaffin sojoji da Turawan da suka baro Aljeriya ta sa an janye shi tun farko. Maganar azabtarwa ce ta fi yi musu ciwo. Akwai wurin da aka nuna jagoran FLN Larabi Bin Mahidi a hannun sojoji, daga baya aka sanar wai ya rataye kansa. A 2001 Janar Paul Aussaresses ya amsa da bakinsa cewa su suka kashe shi, kuma sai a Nuwambar 2024 shugaban Faransa ya amince da haka a hukumance.

Wasu masu kallon kuma darasi suka je ɗauka. 'Yan gwagwarmaya a ƙasashe da dama sun kalle shi, sojoji ma sun kalle shi. A Agustan 2003, watanni kaɗan bayan mamaye Iraƙi, an nuna shi ga jami'ai a ma'aikatar tsaron Amurka, domin su ga yadda ake cin yaƙi a birni a rasa ƙasar.

Ina koyon ba da umarni, kuma ina da labarin siyasa da nake so in yi. Amma ka ce fim ɗin ba shi da tsada. Nawa aka kashe? Mu da kuɗin lokeshan na kwana biyar ke gagara, ina za mu fara? (Wani matashi daga Jos)

Ƙanena, kana da gaskiya, kuma ya kamata in fayyace. An kashe kusan dala 800,000, wanda a canjin yau ya haura naira biliyan ɗaya. A ma'aunin Kannywood wannan dukiya ce. Ƙanƙantarsa a ma'aunin manyan finafinan Amurka na lokacin ne, da akwai wanda ya ci fiye da dala miliyan 30. Gwamnatin Aljeriya kuma ta taimaka musu da motocin soja da izinin shiga ko'ina, abin da kai ba za ka samu ba.

Sai dai ka koma ka karanta wasiƙun da ke sama. Babu wanda ya ambaci tanka. Madubi da almakashi, kwando, askirim, kofin gahawa, allo da alli, guɗa. Duk abin da ya hana mutane barci, kuɗinsa bai kai na hayar jibgegiyar motar da muke sakawa gwamna ya fito daga ciki ba. Inda ƙananan finafinanmu na siyasa suke faɗuwa shi ne kwaikwayon abin da ba mu da kuɗinsa: wutar kwamfuta da kowa ya san ta bogi ce, bindigar roba, mutum bakwai a matsayin taron kamfe. Mai kallo yana yafe talauci, amma da zarar ya yi dariya a wurin da ka so ya ji tsoro, ka rasa shi.

Don haka ka rage harbi, ka ƙara jira. Ƙarar bindiga ɗaya daga bayan katanga, a nuna fuskar matar da ke tsakar gida da tsintsiya a hannu, ta fi artabun minti biyar. Ka kashe kuɗinka a kan sauti, domin mutane suna jure hoto mai duhu amma ba sa jure maganar da ba sa ji. Ka nemi fuskoki a tasha da kasuwa. Ka yi aiki a lungun da ka sani, da yardar mai unguwa. Duk abin da ya shafi kaki ko makami, ko na wasa ne, ka sanar da 'yan sanda a rubuce kafin ranar, ka kuma kai labarinka hukumar tace finafinai tun da wuri. Kada ka taɓa kawo bindigar gaske lokeshan, a 2021 harsashi ya kashe wata mai ɗaukar hoto a wurin aikin wani fim a Amurka, inda suke da ƙwararru da dokoki.

Labari kuwa muna da shi jibge. Boren Satiru a 1906. Kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 da ɗaurin da 'ya'yanta suka sha, ciki har da Hajiya Gambo Sawaba. Safiyar Juma'ar 13 ga Fabrairu 1976 da aka harbe Janar Murtala a cunkoson motoci a Legas, a ba da ita daga cikin wani gida a Kano inda iyali suka kewaye rediyo. Wannan na ƙarshen ɗaki ɗaya yake buƙata, da tsohuwar rediyo, da mutum shida da suka iya sauraro. Turo min shafi goma na farkon labarinka ta adireshin mujallar, zan karanta in ba ka amsa.